Ruwa ya ɓata koyil ɗin kwano a Tin Can: za a iya tsare jirgin kafin ya tashi?

Ɗan Idu

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman haske daga lauyoyi da masu harkar fito.

Wata masana'antar buga kwanon rufi da ke Idu, nan Abuja, ta yi odar koyil (naɗi) 140 na ƙarfe mai rufin zinki daga ƙasar Sin, kowanne kimanin tan 5. Ba a kwantena suka zo ba, a ramin jirgi aka jera su. Da aka buɗe rami na biyu a tashar jiragen ruwa ta Tin Can da ke Legas sai aka tarar wajen guda 60 takardar naɗinsu ta jiƙe sharkaf, farin tsatsa ya feso a gefunan ƙarfen. Takardar lodi kuwa tsaf take, ba a rubuta wani aibu a kan kayan ba lokacin da aka ɗora su. Ejan ɗin jirgin ya ce a rubuto masa, zai tura wa masu jirgi. Saura kwana biyar jirgin ya gama sauke ya tashi, tutar Laberiya yake ɗauke da ita, kuma masu shi ba su da ko kujera a Najeriya.

Shin doka ta yarda a tsare shi saboda wannan ɓarna? Idan ta yarda, a nan Abuja za a shigar da ƙarar, tunda hedikwatar Babbar Kotun Tarayya tana nan? Kuma wane haɗari ke kan wanda ya sa aka tsare?

Barista Mai Teku

Wa alaikumus salam, Alhaji. Doka ta yarda. Amma kwana biyar ɗin nan su ne jarinku, kada a kashe ko ɗaya wajen jiran amsar ejan.

Abin da ake nema da tsare jirgi shi ne jingina. Idan jirgin ya tashi, kuka yi shekara uku kuna shari'a kuka ci, hukuncin takarda ne kawai a hannunku, domin wanda kuka kayar ba shi da abin da za a kama a ƙasar nan. Yawancin jiragen nan kowanne da kamfaninsa na takarda a Laberiya ko Panama ko Tsibiran Mashal, kamfanin ba ya da komai sai jirgin. Tsarewa ita ke sa mai jirgi ya ajiye lamuni kafin a sake shi, sannan a ci gaba da shari'a a tsanake.

Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai ke da hurumi, bisa sashe na 251 na kundin tsarin mulkin 1999 da Dokar Hurumin Shari'un Teku ta 1991. Sashe na 22 na dokar ya ce a shigar da ƙara a reshen kotun da jirgin yake. Ke nan Legas za a je, Ikoyi. Da a Onne yake da sai Fatakwal. Lauyan kamfani na Abuja, ko da gwani ne a harkar filaye da kwangila, ya nemo abokin aiki a Legas wanda ya saba wannan aiki, yau ɗin nan.

Ga wurin da mutane ke tuntuɓe. Ɓarnar dukiya iri biyu ce a dokar. Akwai ɓarnar da jirgi ya yi da jikinsa, kamar ya daki gadar da ake ɗaure shi, ko ya murƙushe kwale-kwale, ko ya fasa bututu. Wannan haƙƙi manne yake da jirgin kamar ƙaska, ko an sayar da shi yana bin sa hannun sabon mai shi. Akwai kuma lalacewar kayan da jirgi ya ɗauko, wato irin taku. Ita ma tana ba da damar tsarewa, sai dai da sharaɗin sashe na 5: wanda alhakin ke wuyansa ya zama shi ne mai jirgin ko mai shatarsa ko mai iko da shi lokacin da ɓarnar ta auku, sannan a ranar da kuka shigar da ƙara ya zama shi ne mamallakin jirgin gaba ɗaya, ko wanda ya yi shatarsa kacokan ya zuba nasa kyaftin da ma'aikata. Idan aka sayar da jirgin kafin ku shigar, damar ta kuɓuce. Za a iya kama wani jirgin nasa a madadin wannan, amma sai idan mamallakin ɗaya ne da gaske. Fenti iri ɗaya da manaja ɗaya ba su isa hujja ba.

Saboda haka a ɗauko takardar lodi a duba ƙasanta. Wa ya sa hannu, kuma a madadin wa? Idan a madadin kyaftin ne, galibi da mai jirgi kuka ƙulla. Idan wani kamfanin da ya yi shatar jirgin na 'yan watanni ne ya kira kansa mai dakon, to sai a gina ƙarar a kan sakacin mai jirgin da kansa, tunda murfin rami da kula da shi aikinsa ne. A duba kuma sunan wa ke gurbin mai karɓar kaya. Idan banki ne saboda shi ya buɗe takardar biya, dole bankin ya sa hannu a bayanta ya mayar muku, in ba haka ba lauyan jirgi zai fara da cewa ba ku da bakin ƙara.

Takardun da ake shigarwa: sammacin ƙara a kan jirgin kansa, da sunansa da lambarsa ta IMO (lambar shaidar jirgi ta duniya) mai alƙaluma bakwai, domin suna yana canzawa, lambar ba ta canzawa, bayanin da'awa, kwafin takardar lodi da rasit da rahoton mai duba kaya, buƙatar waranti da ake ji ba tare da an sanar da ɗaya ɓangaren ba, da takardar rantsuwa mai nuna gaggawa, har da ranar da jirgin zai tashi. Kafin nan sai an duba rajistar kotu ko mai jirgin ya riga ya ajiye takardar gargaɗi cewa kada a tsare shi, zai bayyana ya ba da lamuni. Za ku kuma rubuta alkawarin biyan diyya idan tsarewar ta zama ba bisa ƙa'ida ba, da alkawarin ɗaukar kuɗin da Mashal na kotu zai kashe wajen kula da jirgin. Ƙa'idojin 2023, da suka maye gurbin na 2011, sun yarda a nemi waranti ko jirgin bai iso ba, muddin ana sa ran shigowarsa ruwan Najeriya cikin kwana uku.

Idan alƙali ya sa hannu, jami'in Mashal ya hau jirgin ya liƙa warantin a wuri bayyananne, ya ba kyaftin kwafi. Amma abin da ke riƙe jirgi da gaske shi ne kwafin da ya isa teburin shugaban tasha na NPA, hukumar tashoshin jiragen ruwa ta Najeriya, domin shi ke ba da izinin tashi da matuƙin da zai fitar da jirgi daga mashiga. A bi wannan kwafin da ƙafa, a karɓo shaidar an karɓa.

Haɗarin yana sashe na 13: wanda ya sa aka tsare jirgi ba da dalili mai kyau ba, ko ya nemi lamunin da ya wuce hankali, zai biya asarar da ya jawo. Jirgi kuwa kowace rana da ya kwana a banza dubban daloli ne. Don haka kada a nemi kuɗin koyil 140 alhali 60 ne suka taɓu.

Malamin Duba Kaya

Barista ya gama da ɓangaren kotu. Ni abin da ya dame ni shi ne hujja, domin alƙali ba zai sa hannu a kan "mun ga tsatsa" kawai ba, kuma lauyan jirgi amsa ɗaya zai bayar: gumi ne, ba ruwan teku ba ne.

Gumin nan gaskiya ne yana faruwa. Ƙarfen da aka ɗora a lokacin sanyi a arewacin Sin yana riƙe sanyinsa makonni. Idan jirgi ya shigo yankin zafi aka buɗe mashigar iska, iska mai ɗumi da laima ta sauka a kan ƙarfe mai sanyi, sai ruwa ya taru a jikinsa kamar kwalbar lemo da aka fitar daga firji. Ko a nan ma ana iya kama jirgin da laifi, domin ƙa'idar aiki ita ce ba a shigar da iska ga ƙarfe idan ana tahowa daga sanyi zuwa zafi, kuma littafin da suke rubuta zafin rami da buɗe iska zai nuna abin da suka yi. Amma shari'arsa ta fi ta ruwan gishiri wuya nesa ba kusa ba.

Mai duba kaya ya shiga ramin kafin a gama kwashewa. Ya kalli yadda jiƙewar ta kwanta. Idan koyil ɗin da suka jiƙe sun yi layi ɗaya miƙaƙƙe daga wannan gefe zuwa wancan, ka ɗaga kai, za ka ga daidai saitin mahaɗar murfin rami suke, ruwa daga sama ya zubo. Idan na ƙasa ne kawai suka jiƙe, da alamar ruwa a zagaye a tsayi ɗaya kamar bangon da ambaliya ta taɓa, to daga ƙasa ya taso, ko ramin tara ruwa ya cika ya dawo, ko tankin ruwan daidaita jirgi yana yoyo. Gumi kuwa yakan bazu ko'ina, ba ya zaɓar layi.

Sai gwajin silba naitiret. Ana ɗiga shi a kan takardar naɗi ko a wurin tsatsar. Idan ya koma fari kamar madara, akwai gishiri. Wannan alama ce ta farko kawai, domin iskar teku ma tana barin ɗan gishiri. A yanki samfurin takardar da ƙarfen, a rufe a leda, ɓangarorin biyu su sa hannu a kai, a kai ɗakin gwaji.

Murfin ramin kansa a duba robar da ke zagaye da shi: ta taurare, ta tsage, ko ta lotsa har ba ta dawowa? Ƙarfen da take dannewa ya ci tsatsa? Magudanan gefe sun toshe? Idan ka ga an bi mahaɗar murfi da tef mai kwalta ko kumfar toshe rami, ka ɗauki hoto da kyau, domin yana nuna ma'aikatan jirgin sun san murfin yana yoyo tun kafin su taso. A nemi a yi gwajin feshin ruwa da tiyo ko na na'urar sauti. Kyaftin zai iya ƙi. Idan ya ƙi, a rubuta cewa ya ƙi, da rana da lokaci, Barista kuma ya roƙi kotu ta ba da umarnin dubawa.

A rubuta wa kyaftin da ejan takardar ƙorafi yau, a gayyace su duba na haɗin gwiwa. Ƙa'idojin Hambug na dakon kaya ta teku, da Najeriya ta mayar doka a 2005, sun ba da zuwa ranar aiki ta gaba bayan karɓar kaya idan ɓarnar a fili take, kwana 15 idan ɓoyayya ce. Wuce wannan bai kashe ƙara ba, amma za a ɗauka kun karɓi kayan lafiya sai kun tabbatar da akasin haka. Wani abu kuma, Alhaji, ku karanta takardar lodin da kyau: a kayan ƙarfe akan cusa wani sharaɗi cewa "kyakkyawan yanayi" bai haɗa da tsatsa ko laima ba. Ku nemi rahoton duban da aka yi wa kayan kafin lodi a can.

Hajiya Mai Inshora

Sannunku da ƙoƙari. Barista, ina da ja kaɗan a kan tsarin abin da ya kamata a fara. Kafin a ruga kotu, a buɗe fayil ɗin Form M, fom ɗin shigo da kaya daga waje, a ciro takardar inshorar kayan, tunda ba a buɗe shi sai da ita. A sanar da kamfanin inshorar yanzu, a rubuce.

Dalili biyu ne. Idan inshorar ta rufe wannan ɓarna, su za su biya mai kaya, sannan su gaji haƙƙinsa su bi jirgin da lauyoyinsu da kuɗinsu. Na biyu, sharaɗin inshora ya ɗora wa mai kaya nauyin kare haƙƙin ƙara a kan mai dako. Wanda ya karɓi 'yan kuɗi daga ejan ya sa hannu cewa magana ta ƙare, ko ya bar jirgi ya tafi bai rubuta ko ƙorafi ba, ya ba kamfanin inshora hujjar rage abin da zai biya.

Abin baƙin cikin shi ne 'yan kasuwarmu da yawa mafi arha suke saye don Form M ya wuce kawai, wato sharaɗi na C. Shi gobara da nutsewa da karo da makamantansu ya rufe, shigar ruwan teku cikin rami ba ta ciki. Na B ya rufe shigar ruwan teku. Na A ne mai faɗi, shi ma a kayan ƙarfe sau da yawa akan cire tsatsa da sauyin launi sai idan wani haɗari da aka rufe ne ya jawo su. Idan C ne a hannunku, Alhaji, to babu kowa a bayanku sai jirgin nan, maganar Barista ta zama dole.

Game da adadin lamuni: a lissafa darajar koyil 60 ɗin a Legas suna lafiya, a cire abin da za su iya bayarwa yanzu. Farin tsatsa sau da yawa zagayen waje da gefuna yake ci, cikin naɗin yana nan lafiya, ana iya warware wasu a yanke a buga kwano mai daraja ta biyu. A ƙara kuɗin duba kaya, da kuɗin ruwa na shekarun da shari'a za ta iya ɗauka, da kuɗin shari'a. Kada iyakar diyya ta tsorata ku. A ƙa'idojin Hambug SDR 835 ne kan kowane ƙunshi ko SDR 2.5 kan kowane kilo, wanda ya fi yawa. SDR kuɗin lissafi ne na IMF da ya ɗara dala ɗaya. Koyil mai tan 5 ya kama SDR 12,500, abin da ya haura farashin ƙarfen sosai. Masu kaya marasa nauyi masu tsada ne wannan iyaka ke cuta.

Ɗan Idu

Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. An duba: inshorar C ce, Hajiya. Takardar lodi a madadin kyaftin aka sa hannu, bankin kuma ya sa hannu a baya. Sai dai a bayanta an rubuta cewa duk saɓani a Landan za a yi sulhunsa. Sannan da lauya ya rubuta cewa za a nemi waranti, wani wakilin ƙungiyar inshorar masu jirgi ya kira, ya ce za su ba da takardar alkawari a bar jirgin ya tafi. Barista, a karɓi takarda a saki jirgi? Wannan ba sakin na hannu ba ne a kama na guje?

Barista Mai Teku

Alhaji, wannan kiran shi ne abin da ake nema tun farko. Yawancin irin wannan rigima a nan take tsayawa, ba a kai ga liƙa waranti ba.

Ƙungiyoyin nan da ake kira P&I na masu jirage ne da suka haɗa kai suna biya wa juna alhaki. Manyansu 12 suna cikin gamayya ɗaya da ta rufe kusan kashi 90 cikin 100 na jiragen da ke ratsa teku, idan aka auna da girmansu. Takardar ɗaya daga cikinsu ta fi jirgin kansa amfani a gare ku. Ga dalili. Jirgin da ke tsare yana cin kuɗi kullum, gadi da mai da ruwa da abincin ma'aikata, kuma idan mai shi ya yi watsi da shi, ku za a fara tambaya. Idan har aka kai ga kotu ta yi gwanjonsa, kuɗin Mashal ne farko, sai masu haƙƙin da ke manne da jirgi irin albashin ma'aikata da ladan ceto, sai bankin da jirgin ke jingine a wurinsa, sannan mai kaya. Tsohon jirgi mai bashi a ka, kafin layi ya zo kanku tukunya ta ƙare.

Amma a tabbatar da sunan ƙungiyar a shafin Equasis, kyauta ne, da lambar IMO. Idan wani ƙaramin kamfanin inshora ne da ba a san shi ba, ku ce sai lamunin bankin Najeriya ko a ajiye kuɗi a kotu. Kuma ƙungiyar ce za ta sa hannu, ko wakilinta da rubutaccen izini. Alkawarin ejan ko na mai jirgi ba jingina ba ne.

A cikin takardar a tsaya a kan waɗannan: adadin kuɗi da dala, tare da kuɗin ruwa da na shari'a, tunda da dala aka sayi kayan kuma shari'a tana daɗewa, cewa za su biya bisa sulhu ko hukuncin ƙarshe, sunan lauyoyin da za su karɓi sammaci cikin kwanaki ƙayyadaddu, da tabbacin waye mamallakin jirgin, kuma ba ya cikin shatar kacokan lokacin tafiyar. A yi lissafin da kyau tun yanzu, domin wanda ya karɓi lamuni ya saki jirgi da wuya kotu ta bar shi ya sake kamawa a kan da'awa ɗaya.

Maganar Landan ba ta hana tsarewa. Sashe na 20 ya soke yarjejeniyar da ke ƙwace hurumin kotunmu idan a Najeriya ake sauke kayan. Sai dai sulhu daban yake: a shari'ar jirgin Lupex a 2003 Kotun Ƙoli ta tsaya a kan cewa a mutunta yarjejeniyar sulhu a Landan. Sashe na 10 kuma ya ba kotu damar dakatar da shari'a ta riƙe jinginar har a gama can. Don haka ku nemi takardar ta ambaci Babbar Kotun Tarayya. Idan sun ƙi, ta rufe duka biyun, hukuncin kotu ko na masu sulhu. Wa'adin ƙara shekara biyu ne a ƙa'idojin Hambug, amma shekara ɗaya ne a tsofaffin ƙa'idojin Heg, waɗanda takardun lodi da yawa ke jawowa. Ku yi aiki da shekara ɗaya daga ranar sauke kaya. Takardar alkawari ba ta tsayar da wannan agogo.

Kada a janye shirin kotu saboda kiran waya. A shigar da sammacin, a ba su wa'adi zuwa gobe da azahar.

Ejan Apapa

Yallaɓai, ƙari kaɗan daga bakin tasha. Kwana biyar ɗin da aka faɗa muku kada ku dogara da shi. Idan babu ruwan sama kuma ana aikin dare, jirgi yakan gama da wuri, ya tashi daren Asabar. Ana iya liƙa waranti kowace rana, amma sa hannun alƙali a ranar aiki ya fi samuwa, don haka ya kasance a hannu kafin Juma'a. Idan lokacin hutun kotu ne, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, akwai alƙalin hutu a Legas da ke jin irin wannan buƙata. A sa mutum yana kallon jirgin a shafin bibiyar jirage na MarineTraffic, a kuma riƙa tambayar masu tali, wato masu ƙirga kayan da ake saukewa, tan nawa ya rage a rami.

Sannan kada a ɗora koyil 60 ɗin a tirela zuwa Abuja kafin duban haɗin gwiwa. Kwana uku ko huɗu a hanyar Lokoja ƙarƙashin tamfol, lauyan jirgi zai ce a can ruwa ya dake su. Idan kuɗin ajiya a tasha ya yi yawa, a mayar da su sito mai rufi a Legas da sanin ɓangarorin biyu, a ɗora su a kan katako, a rubuta lambar kowane koyil da yanayinsa a takardar fita daga geti, direba da ma'aikacin tasha su sa hannu.